Yayen Ɗana na Biyu

Ɗana na fari bai rasu a hannuna ba. A Isa ya rasu, a ɗakin mahaifiyata, 'yan watanni bayan an kai shi yaye, ni kuwa ina Gangara gidan miji. Haka kowa ke yi a wancan zamani na Turawa. In yaro ya isa yaye, malam zai yi rubutu a wanke a ba shi ya sha don ya manta da nono, uwa ta shafa maɗaci a ƙirji, a ɗauke shi rana ɗaya a kai wa kakarsa. Can zai zauna yana shan kunun gero tsinkakke da ruwan fura, yana sa hannu a akushin tuwo tare da yaran da sunka girme shi. Kafin ya kai loma baki sun share akushin.

Na je duba ɗan nawa kafin ya cika. Na tarar ƙafafunsa sun kumbura, kumatunsa sun ciko, har wata maƙwabciya tana yi mini barka wai yaye ya karɓe shi. Amma gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, fatar cinyoyinsa tana saɓulewa, ba ya wasa, ba ya ko kuka mai ƙarfi. Wasu sunka ce sanyi ne, wasu sunka ce baki ne ya kama shi. An kira wanzami ya yi masa tsaga, an jiƙa sassaƙe iri-iri. Ni ko rungumarsa ban yi ba, domin ɗan fari ne, kuma a wurinmu mace ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta kamawa. Da labarin rasuwarsa ya iso Gangara, na ce Allah ya sa mai ceto ne, na koma na ƙarasa daka. Kukan da na yi, a bayan rumbu na yi shi.

Na biyu ma namiji na haifa. Shi babu wannan kunyar tsakanina da shi, kuma tun yana cikin tsumma na ƙudurta a raina cewa ba za a raba ni da shi rana ɗaya ba. Yadda za ni yi, ban sani ba. Na dai san ba za ni yarda ba.

Maigidana falke ne. Yana ɗora goro da yadi da barkono a kan jakuna daga kasuwannin Isa da Sabon Birni ya tsallaka iyaka da su zuwa ƙasar da Faransi ke mulka, ya dawo da kanwa da dabino. Duk wani labari da ya shigo gidanmu, ta bakinsa yake shigowa. Wata rana bayan kaka, yaron ya fara tafiya ke nan yana dafa bango, ya dawo daga Isa ya zauna gindin ƙofar mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, ni kuwa ina gefe ina sheƙar gero.

Ya ce, "Wata Baturiya ta sauka Isa. Likita ce, an ce ciwon yara take bincike. Sanƙira ya yi shela, duk mai ɗan da ya kusa yaye ta kai shi ɗakin shan magani."

Iya ta ce, "Na riga ka ji. An ce rataye ɗiyan mutane take ga sikeli kamar buhun gyaɗa. Mi ya gama ɗan Adam da sikeli? Abin da anka auna, ko sayarwa za a yi, ko a ɗora mishi haraji."

Ban sa baki ba, don ba a gaban Iya za ni yi magana ba. Sai da safe da na kai wa maigida ruwan alwala na durƙusa na ce, "Malam, yayen yaron nan ya ƙarato. Za ni kai shi Isa da kaina, kuma za ni zauna da shi. In na je, za ni kai shi ga Baturiyar nan."

Ya dube ni. "Ba ki ji abin da Iya ta ce ba?"

"Na ji. Wancan ba a auna shi ba. Ina yake?"

Ban taɓa ambaton marigayin a gabansa ba sai ranar. Ya ajiye butar alwalar. Can ya ce, "Ni dai kullum cikin awo nike, ban taɓa ganin kanwata ta ragu don an ɗora ta ga sikeli ba. Ki shirya, in ayari ya tashi mu tahi."

Abin da ya gaya wa Iya ban sani ba. Ranar tafiya dai ta fito ta ɗaura wa yaron laya a wuya, ta tofa masa addu'a, ni kuwa ba ta dubi inda nake ba.

Mun bi ayarin jakuna, munka ya da zango a Sabon Birni, munka tsallaka gulbi ruwa ya ja baya bai wuce gwiwa ba. Da munka isa Isa, mahaifiyata, Inna, ta miƙo hannu za ta karɓi yaron kamar yadda ta karɓi na fari. Na ce mata ai tare da shi na zo zama. Ta dubi kayan da ke kan jaki, ta ga har da tukunyata, ta ce, "To, shigo."

Ɗakin shan magani ɗan gini ne da anka shafe da farar ƙasa, da tsamiya babba a gabansa. A reshen tsamiyar anka rataye sikelin, mai fuska kamar faifai da hannu ɗaya mai juyawa, a ƙarƙashinsa wata jaka ta tamfol mai kafofi biyu inda ƙafafun yaro ke fita. Mata ba su da yawa ranar, kuma kowace ta tsaya nesa-nesa tana jiran wata ta fara. Baturiyar doguwa ce siririya, rana ta mai da fuskarta ja, tana sanye da malafa irin ta makiyaya. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Malamin asibiti, wani dattijo mai furfura a gemu, shi ke mayar mata da magana.

Munka yi layi. A bayana akwai wata matar maƙeri ta nan cikin Isa, ɗiyarta tana ta tsala kuka don zafin rana. Na ce mata ta wuce gabana, ni nawa barci yake.

Da layi ya zo kaina, na zaci magani za a ba ni. Sai tambayoyi. Me yaron ya ci jiya da safe? Da me anka dama? Shi kaɗai ya ci ko da wasu? Wane ruwa muke sha, na rijiya ko na gulbi? Haihuwa nawa na yi, nawa ke raye? Tun da nake ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni abin da ɗana ya ci, kamar abu ne da ya kamata a sani. Da na ce ɗaya ya rasu bayan yaye, Baturiyar ta ajiye alƙalami. Ta sa malam ya tambaye ni launin gashinsa. Ta danna ƙwaurinta da babban yatsa, ta ce in an danna nasa haka, wurin yakan lotsa ya zauna? Na ce haka ne, kamar an danna ƙullu. Ta gyaɗa kai. Malam ya ce, "Ta ce ta ga irin wannan a garuruwa da yawa, kuma shi ne ya kawo ta."

Ban san lokacin da hawaye sunka zubo mini ba, a gaban mutane, a kan ɗan fari. Ba wadda ta yi mini dariya. Matar maƙeri ta miƙo mini bakin zanenta.

Sannan anka cusa yaron cikin jakar sikeli. Ya farka ya ga kansa yana lilo tsakanin sama da ƙasa, ya buɗe baki ya kwarara ihu har tsuntsayen tsamiya sunka watse, ya kuma tsula wa malamin asibiti fitsari a hannun riga. Malam ya ce, "Madalla, wanga kam huhunshi lahiya lau." Likita ta latsa cikinsa ta gefen hagu tana neman saifa, ta duba idonsa da harshensa, ta tsaga masa yatsa kaɗan ta shafa ɗigon jini a kan ɗan gilashi. Wannan jinin ya ba ni tsoro, sai malam ya kai ni ciki ya nuna mini madubin da suke duba shi, ya ce ƙwayoyin zazzaɓi suke nema. Na leƙa ban gane komai ba, amma na ga dai ba a ɓoye mini ba.

Bayan an gama awo sai anka raba mu gida biyu, bisa yadda munka tsaya a layi. Ta farko dama, ta biyu hagu, ta uku dama, haka har ƙarshe. Na dama anka ce za a riƙa ba su garin madara na gwangwani su dama wa yara. Mu na hagu anka ce za a koya mana wani kunu na gero da gyaɗa da wake. Matar maƙeri, wadda na ba wurina, ta faɗa dama. Ina kallo anka zuba mata farin gari mai ƙamshi a ƙoƙo.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na saɓa yaro a kafaɗa na koma gaban teburin na ce, "Malam, gaya mata ban yarda ba. Na baro Gangara da yaro bisa jaki, in zo a ce in tahi in dama kunu? Gero da gyaɗa da wake ai su na baro cike da rumbu."

Ya ce, "Haka za ni gaya mata?"

"Haka, kada ka rage komi."

Ya gaya mata. Ta saurara har ya gama, sannan ta yi magana mai tsawo tana dubana, ba shi take duba ba. Malam ya juyo ya ce, "Ta ce kina da gaskiya ki tambaya. Ta ce ba ta san wanda ya fi ba, madarar ko kunun. Da ta sani, da ba ta raba ku biyu ba. Tana zaton abin da ke kumbura yara ba sanyi ba ne, wata irin yunwa ce, ciki cike amma jiki bai samu abin ginuwa ba. Zato ne take, sikelin nan shi zai gaya mata, ya gaya muku. Ta ce in ta ga yaronki yana baya, ba za ta zuba mishi ido don bincike ba, duk abin da take da shi za ta ba shi. In kuma kin ga za ki hita, ba mai tare ki."

Na tsaya ina juya maganar. Lokacin ciwon ɗana na fari, kowa ya san abin da ke damunsa. Wanzami ya sani, mai sassaƙe ya sani, tsofaffin unguwa kowace ta sani har da rantsuwa. Yau ga mai magani ta taso daga wata uwa duniya, ta dubi idona ta ce ba ta sani ba, amma ga yadda za a yi a sani. Na ji hankalina ya kwanta da ita fiye da duk waɗancan.

Na ce, "To, a nuna mani kunun."

Ba wani abin wuya ba ne. A soya gyaɗa sama-sama a murje ɓawon, a soya wake shi ma a ɓarza a fece, a haɗa da gero a niƙa su yi laushi, a dama da kauri, ba tsululu irin wanda munka saba ba. Abin da likita ta fi nanatawa shi ne yaro ya samu ƙoƙonsa shi kaɗai, a zauna da shi har ya ci, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Nono kuma kada a yanke shi rana ɗaya, a riƙa ragewa a hankali.

Inna ta tsaya a kaina ina niƙa, ta riƙe haɓa. "Wake? Ga yaron da bai gama haƙora ba? Cikinshi za shi kumbura ya hana mu sakat. Kuma ki dubi ƙato yana tahiya da ƙahwa tai, yana komowa yana ɗaga miki zane. Mi za ni ce ma mutanen unguwa?"

Na ce, "Ki ce musu ni ce mai taurin kai, Inna. Sun sani."

Da fari yaron ya ƙi kunun. In na ɗura masa sai ya furzo mini a fuska. Na rage waken, na ƙara gyaɗa, na ɗan jefa tsamiya don ɗanɗano, na riƙa sha a gabansa ina lashe baki kamar na samu zuma. Kwaɗayi ya ja shi. Ba a daɗe ba ya zama in ya ji ƙamshin suyar gyaɗa sai ya ɗauko ƙoƙonsa ya zo ya zauna kusa da murhu.

Kowace ranar kasuwa muke kai yara awo. Mata sunka yi ta ƙaruwa, don an ga ba a sayar da ɗan kowa ba, ba a kuma ɗora wa kowa haraji ba. Gindin tsamiyar nan ya koma wurin hira. In an rataya yaro, sai malam ya dubi sikeli ya dubi abin da anka rubuta a wancan zuwa, ya ce "ya hau" ko "ya tsaya." In ya ce ya hau, wata sai ta rangaɗa guɗa. Ni da matar maƙeri mun zama ƙawaye, muna kuma gasa a fili. In ɗiyarta ta hau ta ce, "Madarar Turawa ke nan." In nawa ya hau in ce, "Waken Gangara ke nan." Ni ban iya karatu ba a lokacin, amma na riƙe inda hannun sikeli ya tsaya da ido, har na riƙa riga malam faɗa. Haushin rashin sanin waɗannan alamomin na fuskar sikeli shi ya kai ni ajin manya bayan shekaru, inda na koyi rubutun da nake yi yanzu.

Maigida yakan biyo ta Isa in ya dawo fatauci. Ya ɗaga yaron sama ya jijjiga ya ce, "Ya kusa mangalar kanwa." Ya kawo mini saƙon Iya cewa yayen ya yi tsawo, ɗaki ya yi ƙura. Na ce a gaishe ta, a ce mata sai likita ta gama. Bai matsa mini ba.

Da bazara ta kama, zafi ya tsananta, sai ƙyanda ta shigo gari. A unguwarmu ba a kiran sunanta, baƙon dauro ake cewa. Ta fara daga gidan masaƙa ta bi gida-gida. Wata safiya na taɓa yaron na ji jikinsa kamar garwashi, idanunsa sun yi ja suna ruwa, yana tari. Kafin a jima ƙuraje sunka feso masa daga bayan kunne har tafin ƙafa.

Al'adarmu in baƙon dauro ya sauka, a kulle yaro a ɗaki, ba wanka, ba fita, ba abinci mai nauyi, sai jiƙo. Inna ta tare ƙofa ta ce ba inda za ni da shi, iska za ta mai da ƙurajen ciki. Na ce, "Inna, na bi maganarki a komi tun ina ƙarama. Wannan karon ki bar ni." Na lulluɓe shi da mayafi na goya. Ta matsa ta ba ni hanya. Ina cikin tafiya na waiga, sai na gan ta tana biye da ni da butar ruwa.

Likita ta saurari ƙirjinsa da abin sauraronta, ta buɗe bakinsa ta ga duk ya yi gyambo. Ta ce ita kanta ƙyandar ba ta da maganinta, sai ta yi kwanakinta. Ta ba da magani don ƙirjin, ta ɗiga masa wani a ido, ta ce a goge masa jiki da ruwa mai ɗumi. Sannan ta riƙe hannuna ta ce, ta bakin malam, abin da ke kashe yara bayan ƙyanda shi ne a bar su da yunwa. Ko zai furzar, a ba shi. Ta tambaya ko har yanzu akwai nono. Na ce akwai saura. Ta ce in daina ragewa, in mai da yaron ga nono gaba ɗaya.

Kwanakin da sunka biyo baya sun yi mini tsawo. Bakinsa bai iya karɓar kunu, sai nono, shi ma yana kamawa yana saki yana kuka. Na tsinka kunun ya zama kamar ruwa, ina ɗiga masa da ɗan ludayi. Naman da ya tara tun kaka ya zube, har ina ƙirga haƙarƙarinsa da ido. A unguwa kuwa ana ta fita da ƙananan gawa a tabarma. Na ji tsoro, ba na musu. Amma ba irin tsoron farko ba ne, lokacin da nake tsaye hannu sake ban san abin yi ba. Yanzu ina da aikin yi, kuma ina yin sa.

Wata rana da hantsi gajiya ta kayar da ni a bakin ƙofa. Da na farka na ji ƙarar dutsen niƙa. Na leƙa na ga Inna a durƙushe tana niƙa wake da gyaɗa. Ta dama, ta tace, ta ɗora yaron a cinyarta tana yi masa 'yar waƙar da take yi mana muna yara, tana zura masa ludayi a gefen baki inda ba gyambo. Ya haɗiye. Ta ƙara, ya haɗiye. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ke hannunki rawa yake, shi ya sa yake furzarwa. Koma ki kwanta."

Ranar da munka koma awo bayan ya tashi, hannun sikeli ya faɗo ƙasa sosai. Malam bai ce ya hau ba, bai ce ya tsaya ba, ya ce, "Yana da rai, sauran aikinku ne." Ɗiyar matar maƙeri ita ma ta sha fama da ƙyandar, ta rame har ban gane ta ba. Wasu mata kuwa ba su dawo ba, kuma mun san dalili. Likita ta sa malam ya raka ta gidajensu ɗaya bayan ɗaya, ta cire takalmi ta zauna a tabarma ta yi gaisuwa da 'yar Hausarta. Daga wannan zuwa yaron ya riƙa hawa, a hankali da fari, sannan da sauri, kamar yana rama bashin ci. Ƙafarsa ba ta kumbura ba, gashinsa yana nan baƙi ƙirin. Nonon ma shi ya sake shi da kansa, wata rana na miƙa masa ya kau da kai ya nufi ƙoƙo.

Gab da damina likita ta tara mu duka gindin tsamiya, har da mazan da sunka so zuwa da wakilin hakimi. Ta ce aikinta a Isa ya ƙare, kuma tun da da 'ya'yanmu anka yi shi, mu ya kamata mu fara jin abin da anka gano. Ta ce 'yan madara sun ɗan fi saurin hawa. Matar maƙeri ta zungure ni da gwiwar hannu, na ce, "Ai na gaya musu tun ranar fari." Ta ce amma 'yan kunu suna biye da su kusa-kusa, kuma duka biyun sun yi nisa da yaran da ke shan kunun gero zalla. Ta ce madarar gwangwani daga nesa take zuwa, in mota ba ta zo ba babu ita, gyaɗa da wake kuwa a gonakinmu suke. Ta ce akwai abubuwa da yawa da har yanzu ba ta gane ba, musamman yadda zazzaɓi da ƙyanda ke haɗuwa da wannan yunwar, za ta tafi wani gari ta ci gaba da dubawa.

Wata tsohuwa ta ce a tambaye ta ko tana da ɗa. Ta ce ba ta da shi. Tsohuwar ta ce, "Allah ya ba ki masu albarka." Duka munka ce amin. Ban sake ganinta ba, ban kuma san inda ta ƙare ba.

Na yi wa Inna sallama, na bar wa matar maƙeri tukunyata, ita kuma ta ba ni sabon kaskon suya da mijinta ya ƙera. Mun tashi da ayari ruwan fari ya sauka, munka samu gulbi ya fara kawowa, sai da maigida ya ɗora yaron a wuya munka tsallaka. Da munka iso Gangara gari ba kowa, duk an fita shuka. Munka sauke kaya munka bi su gona.

Iya tana can ƙarshen kunya tana jefa iri tana rufewa da diddige. Na sauke yaron na tsayar da shi. Ya ga abin da manya ke yi, sai ya bi layin ramuka da gudu yana tattakawa, yana faɗuwa yana tashi, har ya je ya ci karo da ƙafafunta. Ta sunkuya ta dube shi sama da ƙasa, ta murza kunnensa, ta buɗe bakinsa ta ga haƙora. Ta ɗauke shi ta saɓa za ta kai inuwar icce, ba ta kai rabin hanya ba ta dire shi tana haki.

Ta ce, "Wanga ai sai dai ya tahi da ƙahwa tai." Sannan ta juyo ta dube ni, karo na farko tun ranar da na tafi. "Kin sha hanya. Akwai hura cikin ƙwarya gindin icce."

Na haifi wasu bayansa, duka haka na yaye su, a ɗakina, kuma duka sun girma. Matan Gangara sunka riƙa aiko mini in yaye ya ƙarato, daga baya har na garin Kurawa, in je in zauna da su mu soya mu niƙa tare. Ba kowane yaro ya tsira ba, domin akwai cututtukan da kunu ba ya kai musu. Amma na ga yara da yawa sun wuce yaye da ƙafafunsu siraran nan masu ƙarfi, sun shiga garken awaki suna kora, kuma wasunsu yau su ne dattawan garin.